Me ya kamata baƙo ya samu idan ya haska waya a gindin Gobarau?

Dan_Kofar_Sauri:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Mu 'yan tsiraru ne masu harkar kwamfuta a nan cikin Katsina, mun yi niyyar haɗa bayanin da baƙo zai riƙa samu a wayarsa idan ya ziyarci wuraren tarihi. Wuri uku muka fara sa wa ido: Hasumiyar Gobarau, tsohuwar Kwalejin Katsina da yanzu take gidan tarihi na ƙasa, da rijiyar Kusugu a Daura. Dabarar ita ce a kafa ɗan allo mai lambar QR, mutum ya haska da waya, shafi ya buɗe masa. Ba mu je wurin hukuma ba tukuna, mun fi so mu je da abin nunawa a hannu. Inda kanmu ya rabu shi ne abin da za a zuba a shafin. Wasunmu sun ce cikakken rubutu da hotuna, ni kuma bidiyo nake so, na kamar minti 5 a kowane wuri. Waɗanda suka saba kai baƙi ko ɗalibai, me kuka gani?

Malama_Hajara:
Wa alaikumus salam. Ƙanena sannunku da ƙoƙari. Ni malamar sakandare ce, ina cikin masu raka ɗalibai ziyara. Kafin ku yi gardamar rubutu ko bidiyo, ku fara duba su wa ke zuwa wuraren nan. Ni dai taron da na fi tararwa 'yan makaranta ne, kuma ba a barinsu su zo da waya. Waya ɗaya ce, ta malami, yara arba'in sun yi mata rumfa, na baya suna ɗage. In bidiyo ne mutum biyar za su gani, sauran su koma tsokanar juna. Murya kuwa, da na haɗa da 'yar sifika kowa ya ji, kuma idonsa na kan ginin. Ai ginin muka biya kuɗin mota muka zo gani.

Sada_Netwok:
Malama ta riga ni. Ga lissafin data kuma. Muryar minti 1, in aka matse ta yadda ya kamata, ba ta wuce rabin MB. Bidiyo mai kyan gani na minti 5 zai iya cin MB 50 ko fiye. Wanda ya sa 'yar datarsa don WhatsApp ba zai ba ku wannan ba. Ga rana: ka fito da waya a fili da azahar a watan Afrilu ka gaya mini abin da kake gani a fuskarta.

Abba_3D:
Kun taru kun danne bidiyo, to ni ban yarda duka ba. Abin da yake tsaye a gabanka murya ta ishe shi, na ji. Abin da ya rushe fa? Bature Heinrich Barth da ya zo Katsina a 1851 ya ƙiyasta kewayen ganuwa mil 13 zuwa 14. Yau yaron da aka haifa a Kofar Kaura gani yake ƙofa ce kawai aka gina a tsakiyar titi don ado. Wace murya ce za ta sa ya ga yadda ganuwa ta haɗe Kofar Kaura da Kofar Kwaya da Kofar Yandaka da Kofar Guga da Kofar Sauri da Kofar Durbi da Kofar Marusa? Nan taswira ce mai motsi ta sakan 20, layi ya zagaye garin yana tsayawa a kowace ƙofa. Gani ya kori ji.

Malama_Hajara:
@Abba_3D sakan 20 ba minti 5 ba ne ai. Wannan na karɓa.

Tsohon_Hedimasta:
Yara, Allah ya yi muku albarka. Ni ba na jin yaren MB ɗinku, amma ina da magana kan abin da za a faɗa. Kwalejin nan an kafa ta a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a 1922. Shi ya sa za ka ji wani ya ce 21 wani ya ce 22, kuma duk ba su yi ƙarya ba. A 1938 aka ɗauke ta zuwa Kaduna, a 1949 ta koma Zariya, ita ce Barewa ta yau. Abubakar Tafawa Balewa da Sardauna Ahmadu Bello duk a nan suka yi karatu. To in ka karanta wa baƙo waɗannan shekaru a jere, kafin ya kai ƙofar fita ya manta. Amma in yana tsaye cikin ɗaki ka ce masa, a ginin ƙasan nan da kake ciki aka horar da Firayim Ministan Najeriya na farko, kuma malamin makaranta aka shirya shi ya zama, za ka ga ya sake duban bango. Ku ba shi abu ɗaya a kowane ɗaki. Mai son shekaru ku ajiye masa su a ƙasa, ya latsa ya karanta.

Gobarau kuwa ku yi hattara. Kowa ya ce an gina ta zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Korau, amma yaushe ne zamanin Korau? Wani littafi ya kai shi ƙarni na 14, wani ya ce na 15. Wasu kuma suna haɗa ginin da zuwan Shehu Maghili a ƙarshen ƙarni na 15. Kada ku zaɓi guda ku buga kamar kuna wurin aka yi.

Dan_Kofar_Sauri:
Mun gode Baba, Allah ya ƙara lafiya. To ga abin da muka fara rubutawa na Gobarau, ku duba mana:
"Hasumiyar Gobarau ɗaya ce daga cikin muhimman wuraren tarihi a Najeriya. An gina ta a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Korau. Tsawonta ya kai kimanin mita 15. Ta kasance masallaci kuma cibiyar ilimi da ta taka muhimmiyar rawa wajen yaɗuwar addinin Musulunci a ƙasar Hausa."

Malama_Hajara:
Ƙanena wannan amsar jarrabawa ce, zan ba ka maki 8 cikin 10, amma ba wanda zai saurara ya kai ƙarshe. Mutumin yana tsaye a gabanta, ba sai ka gaya masa tana da muhimmanci ba. Gwada haka:
"Ɗaga kanka ka dubi ƙololuwarta. Kusan mita 15 ke nan, kuma da ƙasa magabata suka ɗaga ta. Ka kawo a ranka lokacin da babu bene ko ɗaya a garin nan. Wanda ya hau can yana hango ƙurar dawaki tun ba su iso ganuwa ba, daga can kuma ladan yake kiran salla. Masana sun saɓa kan shekarar da aka gina ta, amma bakin mutanen gari ya tafi a kan zamanin Korau. Yanzu zagaya ka nemo inda matakala ta fara."
Ka ga a ƙarshe na ba shi aikin yi. Yara in ba ka ba su abin nema ba, su za su nemo wa kansu, kuma ba zai yi maka daɗi ba.

Ummu_Sultana:
Malama don Allah ke za ki karanta musu, wallahi har na ji kamar ina wurin.

BaDauri_Asali:
To mu dai a Daura ban san mi za ku ƙara mamu ba. Rijiya tana nan cikin ɗakinta, ana zura guga a jawo ruwa ka sha, mai kula da wurin ya ba ka labari tun daga tasowar Bayajida har kashe macijiya Sarki da auren Daurama, da yadda a da sai ranar Juma'a ake samun ɗibar ruwa. In ka yi tambaya ya amsa maka. Waya tana amsa tambaya? Kuma mutanen nan da ɗan abin da baƙi ke miƙa masu suke cefane. Ku zo ku liƙa wata lamba, kowa ya sa iyafis ya wuce su.

Sada_Netwok:
@BaDauri_Asali maganarka tana kan hanya, amma ba dole sai ɗaya ya kori ɗaya ba. Tun 1952 wani gidan tarihi a Amsterdam ya fara ba baƙi na'urar saurare, har yau ba a daina ɗaukar masu yi wa baƙi bayani a Turai ba. Mafita ita ce muryar da za a ji a wayar ta zama ta mai kula da wurin ce, a biya shi, a sa sunansa in ya yarda, a ƙare da cewa mai ƙarin tambaya ga shi nan zaune.

BaDauri_Asali:
A biya shi sau ɗaya, a yi ta jin muryarshi shekara goma. Wa ya ci riba?

Dalibar_Tarihi_UMYU:
Tambayar BaDauri ba ta wasa ba ce, sai an rubuta yarjejeniya: nawa za a biya, ina da ina za a sa muryar, kuma in ya ce a cire a cire.

Ni abin da ya fi damuna shi ne haɗa labarin baka da abin da aka tono a zuba su a kwano ɗaya. Labarin Bayajida gado ne, da shi Hausa Bakwai suke bayyana dangantakarsu, Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano da Biram. Wajibi ne a ba da shi cikakke, da mutuncinsa. Amma a ce "kamar yadda aka gada daga kakanni". Kwatanta shi da Durɓi ta Kusheyi a ƙaramar hukumar Mani. Can kaburbura ne da Bature Palmer, jami'in mulkin mallaka, ya fara tonawa a 1907, aka sake tono a 1992 tare da masana daga Jamus, aka samu kayan tagulla da zinariya da hauren giwa da wuri, waɗanda ke nuna masu wurin suna da hulɗar ciniki da nesa ƙwarai. Wannan abu ne da aka riƙe a hannu aka auna. Baƙo yana da haƙƙin ya san wanne yake ji. Ko da launi ne a shafin, ko da canjin murya, namiji ya ba da na baka mace ta ba da na bincike, ko akasin haka.

BaDauri_Asali:
Wato namu tatsuniya, naku na Katsina bincike ko? Takobin Bayajida yana nan a fada fa. Daura ta Abdu tushen Hausa, ku riƙa tunawa daga ina kuka fito.

Goga_Na_Dikko:
Kai BaDauri, tushe ai a ƙasa yake zama, mu ne rassan da ake shan inuwa. Ta Dikko ɗakin kara, kunya gare mu ba dai tsoro ba.

Dalibar_Tarihi_UMYU:
Yaya BaDauri ban ce tatsuniya ba. Kokawar Korau da Sanau, sarkin da ya karɓe wa sarauta, ma ai a layi ɗaya zan sa ta da na Bayajida, kuma takobin Korau, Gajere, yana nan a Gidan Korau, fadar Sarkin Katsina, kamar yadda naku takobin yake a fadar Daura. Samuwar takobi daban, tabbatar da kowane zance da aka rataya masa daban.

Admin_Zaure:
Jama'a a bar wasan Daura da Katsina haka nan, yaron nan shawara ya nema.

Issoufou_Maradi:
Salamu alaikum, daga Maraɗi. Ina bin zancen tun ɗazu. Abu biyu. Na ɗaya, mu da muke shigowa ta Jibiya da yawanmu Faransanci muka karanta, allon Turancin Ingilishi bai amfane mu da komai ba. Muryar Hausa kuwa ta gama da kowa, har da wanda bai shiga boko ba sam. Na biyu, in kun zo ba da labarin jihadi da hawan Ummarun Dallaje, kada labarin sarakunan Haɓe ya tsaya a "aka kore su". Ina suka tafi? Zuriyarsu ce ta kafa Maraɗi, har gobe Sarkin Katsina ake ce wa sarkinmu. Jimla ɗaya ce, amma in babu ita mu mun san an tsallake mu.

Tsohon_Hedimasta:
Gaskiyarka Malam Issoufou. Irin wannan ne ya sa na ce su yi hattara. Kowace jimla akwai mai ita.

Kawu_Ba_Wasa:
Ni duk wannan daɗin bakin bai dame ni ba, na ga irinsa. Wani gidan tarihi a wata jiha, ba zan faɗi suna ba, an kafa musu babban allon taɓawa, aka yanka ƙyalle, aka yi hotuna. Da na kai iyalina daga baya na tarar an lulluɓe shi da zanen gado saboda ƙura, an ɗora rajistar baƙi a kansa. Na tambaya aka ce wanda ya san lambar sirrin an yi masa canjin wurin aiki, inbata kuma ta ƙone. Ku gaya mini, shekara uku nan gaba, ɗayanku ya samu aiki a Abuja, ɗaya ya yi aure, wa zai biya kuɗin shafin? Ranar da ba a biya ba, lambar nan taku ta zama zanen banza a jikin allo, ko ma wani ya saye adireshin ya sa tallar caca, baƙo ya haska a gindin Gobarau caca ta buɗe masa.

Sada_Netwok:
Kawu ya taɓo inda ke ciwo. Ku guji kamfanonin da ke ba da lambar QR ta gwaji, wadda sai ta bi ta shafinsu kafin ta kawo naku. Wa'adi na cika suke rufewa su ce a biya. Ku yi lambar da adireshinku ne kai tsaye a cikinta, adireshin kuma a yi rajistarsa da sunan hukuma ko jami'a, kada ya zama na mutum ɗaya. Ku buga gajeren adireshin da haruffa a ƙasan lambar saboda wanda kyamararsa ba ta karantawa. Kada ku ce sai an sauke manhaja, ba mai cike wayarsa don ziyarar awa ɗaya. A cikin gini kuma, inda katangar ƙasa mai kauri kan rage sabis, ana iya ajiye 'yar kwamfutar nan Raspberry Pi da ƙaramin sola, ta riƙa ba da Wi-Fi na cikin gida, a ji komai ba tare da data ba. Sai ku gwada rubutun a tsofaffin wayoyi, don wasu nau'in haruffa ba sa nuna ƙ da ɗ da ɓ, sai ka ga akwati a tsakiyar kalma.

Kawu_Ba_Wasa:
To ita 'yar kwamfutar in ta mutu wa zai gyara? Mun dawo gidan jiya.

Maman_Walid:
Ni tambayata daban. Mahaifiyata ƙaramar waya gare ta mai madannai, ba ta haska komai, amma tana sa memori tana jin wa'azi da rediyo. Kuma ba za ta iya hawa matakala ba. Me ya hana a zuba muryoyin nan a memori, ko a tura su a WhatsApp mutane su yi ta turawa? Ba lallai sai wanda ya zo wurin ba ne zai ji. Sannan ku tuna da makafi, a siffanta musu abin da ke gabansu, kurame kuma a rubuta musu abin da muryar ta faɗa. Wasu dattijan ma da ajami za su fi karantawa.

Abba_3D:
Ga masu wahalar hawa, hoton da ake juyawa ta kowane ɓangare daga saman hasumiyar zai yi. Kayan cikin gidan tarihi ma ana iya ɗaukar abu hotuna da yawa ta kowace kusurwa, kwamfuta ta haɗa su ya zama kana juya shi da yatsa, ka ga gindin tukunya da ba a bari ka taɓa. Ku duba Digital Benin, shafin intanet na kayan tarihin masarautar Benin da aka buɗe a 2022: kaya sama da 5,000 daga cibiyoyi 131 a ƙasashe 20, an tattara hotunansu da bayanansu wuri ɗaya, kuma an sa sunayensu da harshen Edo. Ni burina ke nan ga kayan Katsina.

Dalibar_Tarihi_UMYU:
Buri mai kyau, amma da sharaɗi. Kayan gidan tarihi na ƙarƙashin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, NCMM, ba a ɗauka a wallafa sai da izininta a rubuce. Kayan sarauta kuma maganar fada ce, akwai abin da ba a fito da shi sai ranar naɗi ko wani babban sha'ani, ba don an rasa kyamara ba. Ku je Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha ma tun yanzu, kada ku bari sai kun gama. Abu na ƙarshe, kada ku sa taswirar da ke nuna daidai inda wuraren tono suke a ƙauyuka. Gumakan yumɓu na yankin Katsina da Sakkwato da Nok suna cikin jerin kayan da ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ICOM ta yi gargaɗi a kansu tun 2000 saboda masu haƙa a ɓoye suna fitarwa waje. Kada ku yi wa ɓarawo jagora.

Goga_Na_Dikko:
Ni roƙona ɗaya, kada ku sa AI ta zana mana Bayajida. Na ga wani a TikTok, an yi shi da sulken Rumawa, Daurama kuma kamar amaryar Indiya, bayansu duwatsu masu ƙanƙara. A Daura!

BaDauri_Asali:
Yau dai mun haɗu da Goga a kan magana ɗaya. Muryar inji ma ba mu so, tana karya harshe, ta ja inda ba a ja.

Sada_Netwok:
Muryar injin tana gyaruwa fa, kuma in an canza jimla ɗaya ba sai an sake kiran mutum an kunna makirfo ba. Na Turanci da Faransanci da Larabci ni ban ga laifi a fara da ita ba.

Ummu_Sultana:
Na baƙin waje ku yi da inji in kuna so. Na Hausa dai mutum, kuma Bakatsine a Katsina, Badauri a Daura.

Dan_Kofar_Sauri:
Kai, mun sha shawara, Allah ya saka. Abin da na ɗauka zuwa yanzu: murya gajera a kowane wuri, rubutunta a ƙasa, taswirar ganuwa ta Abba, cikakken bayani ga mai so. Bidiyon minti 5 zan ajiye shi don YouTube, ban janye shi ba. @Kawu_Ba_Wasa maganar wa zai riƙe bayanmu har yanzu ba mu da amsa, za mu tuntuɓi sashen tarihi na jami'a mu ji ko za su karɓa.

Kawu_Ba_Wasa:
In sun karɓa a rubuce ka turo takardar nan mu gani.

Tsohon_Hedimasta:
Ba ku ce komai ba kan Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani. Wanda ya zo Gobarau aka ce masa nan garin malamai ne, zai tambaya su wa. Ga kuma Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi da ya rasu a Alƙahira a 1741, yaranmu da yawa ba su taɓa jin sunansa ba.

Malama_Hajara:
Baba in aka sa su duka minti ɗayan ya zama goma. Sai dai a yi musu tasu lambar daban. @Dan_Kofar_Sauri kafin ku buga allo ko ɗaya, ku turo mini muryar Gobarau in kunna wa 'yan aji biyu ranar Laraba. In suka fara hira kafin ta ƙare, zan gaya muku a daidai sakan nawa suka fara.

Issoufou_Maradi:
A turo mini ni ma, akwai masu zuwa Sallar Gani daga nan, sai in ji ko za su gane ta Kusugu.

BaDauri_Asali:
Ta Kusugu ba a naɗa ba tukuna Malam, sai an zauna da masu wurin an yi maganar kuɗi.